Tsawon Gwaggo

Duk wadda ta shigo gidanmu gaisuwar rasuwar Gwaggo, sai da igiyar shanya ta riga mu karɓarta. Mace za ta fito daga zaure idonta taf da hawaye, bakinta ɗauke da salati, ba ta ankara ba sai igiya ta tare ta a maƙogwaro ko ta fizge mata mayafi. Wata 'yar'uwar Baba ta taso tun daga Ƙofar Ruwa da kukanta, igiyar ta cire mata ɗankwali ta bar shi yana lilo, ita kuma ta tsaya a tsakar gida ta rasa ko ta ci gaba da kukan ko ta fara neman sutura. Da ta zauna ta gama yi mana ya haƙuri, ba ta tambayi jinya ba, ba ta tambayi lokacin da rai ya yi halinsa ba. Cewa ta yi, "Wai ku waɗanne irin mutane ne? Wa ya ɗaura igiya a nan kamar ta tarkon awaki?" Umma ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jan carbinta.

Masu gaisuwar kashi biyu ne. Akwai dangi na nesa, waɗanda rabonsu da Gwaggo tun kafin gari ya rikice da tashin bama-bamai, kowa ya takure a unguwarsa. Su ne masu cewa, "Allah sarki Doguwa! Mace har mace. Sai ta sunkuya take shiga ƙofar zaure." Sai kuma maƙwabta na kusa, waɗanda suka ga ƙarshenta da idonsu. Su in sun ji haka sai su saci kallon Umma, su ce, "Haka ne kam, Allah ya jiƙanta." Ni ina zaune a tsakaninsu ina ta amsa amin, ga kuka ga dariya.

Jikokin gidanmu ba su san wata doguwa ba. Abin da suka sani wata 'yar tsohuwa ce mai ranƙwafaffen baya da faɗan tsiya, wadda ke ɓoye alkaki a ƙarƙashin matashi. Dangi na nesa kuma ba su san wannan tsohuwar ba. Ni na ga su duka biyun, na kuma ga wahalar da aka sha a tsakaninsu, shi ya sa na ga gara in rubuta kafin igiyar ta tsinke a ɗaura sabuwa a inda ya kamata.

Gwaggo ƙanwar Baba ce, ciki ɗaya. Mijinta ya rasu tun ina goye, ba ta da ɗa a raye, sai ta dawo gidan da aka haife ta a gindin Dala, ta zauna a ɗakin da ke fuskantar na Umma. Sana'arta alkaki da nakiya da dubulan na biki, kuma har yau ban ci alkakin da ya kama ƙafar nata ba. Amma in kana son ka faranta mata rai, kada ka ɓata bakinka wajen yabon alkaki. Ka ce mata doguwa. Nan take za ta gyara tsayuwa, ta ɗaga haɓa, ta ce, "Yo ai dole. Mu jikokin masu shanu ne, da nono aka gina mu." Ita da ba ta taɓa tatsar saniya ba a rayuwarta. Ragon layya ma in aka shigo da shi, ɗaki take shigewa ta turo ƙofa har sai an yanka.

Umma kuwa gajeriya ce, ba ƙarya. An ba ni labari cewa ranar da aka kawo ta amarya, Gwaggo tana budurwa, ta kutsa cikin mata ta ɗaga mayafin ta leƙa, sannan ta juya ta tambayi 'yan rakiya ko sauran amaryar yana hanya. Daga ranar wasan ƙanwar miji da matar wa ya ƙullu a tsakaninsu, bai kuma taɓa hutawa ba. In tana cikin daɗin rai ta kira ta matar Yaya, in tsokana ta motsa ta ce Guntuwa. Da ta dawo gidan da zama, aikinta na farko shi ne ta kafa ƙusa can saman ƙofar ɗakin ajiya, ta rataye makulli. Matankaɗi da faifai da ludayi duk suka koma sama. In Umma na son hatsi, sai dai ta jawo kujera ko ta kira Gwaggo, ita kuma ta taho a hankali, ta miƙa hannu ba tare da ta ko ɗaga diddige ba, ta ce, "Ungo, baiwar Allah. Ban san yadda za ki yi ba ranar da ba na nan."

Umma ba kurma ba ce. Takan ce, "Allah ya bar mu kusa da ƙasa, Gwaggon yara. Mu in mun faɗi ba nisa." Su yi ta yi har Baba ya leƙo daga zaure ya ce a tausaya wa kunnensa.

Faɗan gaske sau ɗaya na ga sun yi, shi ma a kan ciwon suga ne. Bayan an tabbatar wa Gwaggo da ciwon an hana ta zaƙi, sai Umma ta kama ta a bayan ƙyaure bakinta cike da nakiya. Gwaggo ta ce ɗanɗanawa take, ai ba ta sayar wa mutane abin da ba ta san gishirinsa ba. Umma ta ce tunda take ba ta taɓa jin nakiya mai gishiri ba, ta kwashe kwanon ta kai maƙwabta. Suka daina magana. Suna zaune tabarma ɗaya amma ni ce mai kai saƙo. "Ki gaya wa uwarki ta matsa min." "Ki gaya wa gwaggonki tabarmar tawa ce." Sai da aka yi rasuwa a unguwa suka tafi gaisuwa tare, suka dawo suna gulmar shinkafar sadakar, shi ke nan aka shirya.

Ban iya cewa ga ranar da Gwaggo ta fara gajarcewa ba. Abin da na sani shi ne ta fara zargin mutane. Telanta ne ya fara shan faɗa, wai ya koma ɗinka mata zani yana jan ƙasa. Ya rantse da awon da ya saba ya yi, ta ce to tsufa ya kama shi, ta sauya tela. Sabon ma bai tsira ba. Daga nan ta ce ruwan damina ya zaizaye tsakar gida, ƙasa ta yi ƙasa, shi ya sa igiyar shanya ta yi mata nisa. Ta tsare Baba a kan wa ya ɗaga ƙusar makulli. Baba ya ce shi tunda aka kafa ƙusar nan bai ko kalle ta ba. Ta ce to aljanun gidan nan ba su da aikin yi.

Wata safiya ina wanke-wanke a bakin rijiya, Umma ta fito daga ɗakinta, sai ta ci birki a bakin ƙofa. Na bi idonta. Ga Gwaggo can a ƙofar ɗakin ajiya, ta kifa turmi ta hau, ƙafafunta na rawa, tana laluben makullin da ita da kanta ta rataye don ta wahalar da wata. Wallahi na ɗauka guɗa Umma za ta yi. Tun tana amarya take jiran rana irin wannan, ga ta kuma ta zo har gida. Sai na ga ta ja da baya a hankali ta koma ɗaki. Ta tsaya har ta ji saukar Gwaggo, sannan ta yi tari mai ƙarfi, ta ja takalminta a ƙasa, ta fito tana tambaya ko an ga tsintsiyarta.

Ba a daɗe ba hannun Gwaggo ya karye. Ba faɗuwa ta yi ba, ba wani abu ya buge ta ba. Dafa ƙasa ta yi za ta tashi daga kan tabarma, muka ji ƙas. Mai ɗorin unguwa ya zo ya ɗaure, amma da zai fita ya ja Baba gefe ya ce shi dai a kai ta asibiti, ƙashin nan bai ji shi kamar na mai lafiya ba.

Zuwa asibiti a lokacin aiki ne ja. Ko'ina shingen sojoji, 'yan acaɓa suna sauka suna tura babur hannu bibbiyu, mu kuma muna cikin adaidaita sahu, kowane rami ya shiga sai Gwaggo ta ce wash sannan ta ce ba ita ta ce ba. A wani shinge soja ya sa muka sauka, ya ce a buɗe jakunkuna. Gwaggo ta rungume tata da lafiyayyen hannun ta ce kayan mata ne. Ya ce, "Mama, open." Ta ce ita ba ta jin Turanci. Ya karɓa ya zuge da kansa, ya zura hannu a tsorace, ya zaro ƙunshin leda. Alkaki ne, har da zumarsa tana naso. Mai ciwon suga, a kan hanyarmu ta zuwa ganin likita.

Umma ta tafa hannu. "Ranka ya daɗe, Allah ya yi maka albarka. Wata da watanni ina neman inda ake ɓoye shi. Riƙe, kai da abokan aikinka."

Gwaggo kuwa ta yi ta harar sojan ta baya har ya ɓace.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, nas ta tsayar da ita jikin sandar awo. Nas ɗin tana buɗe baki za ta faɗi abin da ta gani, Umma ta sa wani tari kamar za ta shiɗe, har sai da aka kawo mata ruwa. Gwaggo ta ce a bar wahalar da kai, ita ta san tsawonta, sandar nan kuma da gani ta ƙasar waje ce. Likitar, wata mace mai haƙuri, ta yi mata bayani a tsanake. Ta ce mace in jinin al'ada ya ɗauke mata, ƙashinta yakan fara zaizayewa ta ciki, ya zama kamar itacen da gara ta ci, waje lafiya ciki fanko. Ciwon suga kuma yana ƙara lalata shi, ga shi yana rage gani, yana kashe jin tafin ƙafa, mutum ya yi ta tuntuɓe. Ta rubuta magani, ta ce a riƙa shan nono ba sukari, a riƙa zama a hantsi, a riƙa tafiya da sanda. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "'Yar nan, kin yi ƙoƙari. Amma wannan ciwon na mutanen birni ne. Nonon da kike cewa, mu da shi aka yi mana wanka."

Da muka fito, likitar ta tsayar da ni da Umma a baranda. Ta ce ƙasusuwan bayan Gwaggo sun fara lotsawa suna zama a kan juna, shi ya sa take raguwa, kuma za ta ci gaba. Hawa kan komai ya haramta gare ta, domin faɗuwa ɗaya za ta iya karya mata ƙugu. Zaman ɗaki ma haɗari ne, in ta daina motsi ƙashin zai fi saurin ƙarewa. Ta ce gara a gaya mata gaskiya ƙarara.

Umma ta girgiza kai. "Likita, ba ki san ta ba. In kika ce mata suga zai kashe ta, cewa za ta yi Allah ya kai mu. Amma in kika ce mata ta gajarce, yau ɗin nan za ta shige ɗaki ta ja labule, ba mai ƙara ganin ta a tsakar gida. Ba ta da miji, ba ta da ɗa. Tsawon nan shi ke gare ta."

Likitar ta ce ita dai kada a bari ta hau turmi.

To ka ji yadda aka fara sauke gidanmu. Tunda ba a iya ɗaga Gwaggo, sai aka yi ta saukar mata da duniya. Kwanakin dokar hana fita sun taimaka, don kowa na gida, ba kasuwa ba makaranta. Da zarar ta shiga wanka ko ta ta da salla, sai Umma ta ɗaga min gira. In zare ƙusa in sauke ta kamar faɗin yatsa, Umma ta cusa laka a tsohon ramin, ta goga baƙin tukunya don kada ya nuna sabo ne. Madubin ɗakinta ya sauko. Kantar da take jera kwanukanta ta sauko. Zannuwanta da hijabanta, in an wanke, sai sun biya ta ɗakin Umma an kalmashe bakinsu kafin su koma adaka. Turmi kuwa aka ce maƙwabta sun ara, kuma maƙwabtan nan ba su taɓa dawo da shi ba, Gwaggo ta yi ta tsine wa rashin amanarsu suna gaishe ta suna haƙuri.

Igiyar shanya ce ta fi ba mu wahala, don ita kowa na bi ta ƙarƙashinta. Baba ne ya fara shan ta. Ya shigo daga masallaci da sallamarsa, igiya ta ɗauke masa hula ta jefa cikin bahon wanki. Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya haɗa ido da Umma, ya mayar da bakin ya rufe. Gwaggo tana kan tabarma tana kallo, ta ce, "Yaya, kai ma fa tsawon nan namu wani lokaci wahala ne." Ya ce wallahi kuwa. Ya tsamo hularsa tana ɗiga ya koma zaure.

Sanda ma sai da aka yi mata dabara. Ta ce ita ba makauniya ba ce. Baba ya je Kasuwar Kurmi ya sayo wata, Umma ta shafe ta da man shanu ta rataye a madafa ta sha hayaƙi, sannan Baba ya fito da ita wai a cikin tarkacen soro ya tsinto ta, sandar kiwon kakansu ce. Gwaggo ta karɓa da hannu biyu, ta shinshina, idonta ya kawo ruwa, ta ce har yanzu tana ƙanshin garke. Ba ta ƙara taka ko'ina ba sai da ita. Ita ma sandar lokaci-lokaci mukan rage mata gindi da wuƙa.

Abu ɗaya ne ba shi da ƙusar da za a zare, wato Umma kanta. Gwaggo tana raguwa, Umma tana nan yadda Allah ya yi ta, har aka wayi gari kafaɗunsu sun zo daidai, daga nan kuma abin ya wuce. Umma ta daina sa takalmi a cikin gida. In Gwaggo ta miƙe, ita sai ta zauna. In dole ta gifta ta gabanta, sai ta ɗauki tsintsiya ta wuce a duƙe tana shara. Tsakar gidanmu bai taɓa yin tsafta irin ta shekarun nan ba, kaza ma ta rasa abin tsattsaga. Har ciwon baya na gaske ya kama ta, ina shafa mata man zafi tana cije leɓe.

Ita kuwa wadda ake yi dominta, ko a jikinta. Ta kalli Umma tana wucewa a duƙe ta ce, "Oh, matar Yaya, tsufa ya zo. Dama abin kaɗan ne, ga shi yana ƙarewa. Nan gaba sai mun sa miki ƙararrawa kada a taka ki."

Ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Na bi Umma ɗaki na ce wannan wace irin wahala ce, mutum yana karya bayansa ana yi masa dariya, ta bari in je in gaya mata ko waye guntu a gidan nan. Umma ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "In kika faɗa, ban yafe ba." Sannan ta ce in miƙo mata allura da zare, akwai hijabin da bai sha kalmasa ba.

Asirin bai tashi tonuwa ba sai ranar da bam ya tashi kusa da mu. Bayan la'asar ne, Umma na tankaɗe, Gwaggo na zaune tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta. Sai muka ji wata ƙara da ta girgiza ƙasa, kwanuka suka zubo, ƙura ta taso daga jikin katanga, can kuma harbe-harbe suka biyo baya. Baba ya faɗo daga zaure yana cewa a shige ɗakinsa, shi ne mai kaurin bango. Ban san yadda aka yi ba, na dai gan mu a ciki mun cunkushe a bayan ƙofa, kowa a tsaye, kowa na salati. Umma ce ta jawo Gwaggo, tana riƙe da ita ƙam a ƙirjinta, ta miƙe sambal, ta manta da tsintsiya, ta manta da komai.

Da harbin ya ɗan lafa, ɗakin ya yi tsit. A nan na ga Gwaggo ta ɗago kai. Ta ɗaga shi sama, don ta ga fuskar Umma. Tunda aka kawo Umma gidan nan ba a taɓa yin haka ba. Na ji tsoro fiye da lokacin da bam ɗin ya tashi.

"Ke," in ji Gwaggo, "a kan me kike tsaye?"

Dukkanmu muka kalli ƙasa. Ƙafar Umma ce tsirara a kan daɓe, duk garin tankaɗe.

"Ba a kan komai ba, Gwaggon yara."

"To yaushe kika yi tsawo?"

Baba ya fara wani tari da bai da tushe. Ni na kama addu'ar da na riga na gama. Umma ta ce, "Tsoro ne. Ni haka nake, in na firgita sai in miƙe. Tun ina yarinya."

Gwaggo ta daɗe tana kallon ta. Ta kalli ƙafar, ta kalli fuskar, ta kalli bayan nan da ya shekara yana duƙe da tsintsiya. Sannan ta gyara riƙon sandarta ta ce, "To Allah ya kawo mana zaman lafiya, ki koma yadda kike. Bai yi miki kyau ba."

"Amin," in ji Umma. Baba ma ya ce amin da ƙarfi, kamar an yi addu'ar ruwa.

Ba wanda ya ƙara ta da zancen. Washegari Umma ta ɗauki tsintsiyarta ta duƙa kamar kullum, Gwaggo ta kira ta Guntuwa har da ƙari. Sai dai daga ranar ba ta ƙara tambayar wa ya taɓa ƙusa ba, tela ma ya samu lafiya. Da hantsi kuma na gan ta ta zare makullin ɗakin ajiya da kanta, ta dogara sanda har ƙofar Umma, ta jefa mata a cinya. Ta ce, "Riƙe kayanki. Na gaji da yi miki bauta." Ta juya da sauri don kada a ce mata an gode.

Duk tsaron da muka yi wa turmi da kujera, a ƙasa ta faɗi. Ta gama alwala za ta miƙe, ƙafar da ba ta jin komai ta taka santsi, ta zauna daɓas. Ƙugun ya tafi. A asibiti suka ce ƙashin ba zai riƙe ƙarfe ba, sugan ma ba zai bari a yi aiki ba, muka dawo da ita gida. Umma ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakinta, ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke ba ta kunu a baki ana faɗa a kan rashin sukari.

A kwancen ma ba ta fasa ba. Tana tsakiyar gado kamar yarinya, ga fili a sama ga fili a ƙasa, amma kullum ƙorafinta gadon ya yi mata kaɗan. "Matar Yaya, ƙafata na taɓa ƙarfe. Gadon nan na irinku ne." Umma ta ce a yi haƙuri, in gari ya lafa za a kira kafinta ya ƙara masa tsawo. Gwaggo ta ce a gaya masa ya ƙara da yawa. Suka kalli juna, sai duk suka tuntsire da dariya, Gwaggo na dafe ƙugu tana cewa wash, Umma na share ido da bakin zani. Wannan ce dariyarta ta ƙarshe da na ji.

Da hantsi ta cika, kanta a cinyar Umma. Gari kuma a ranar ba lafiya, an ce da yamma dokar hana fita za ta fara, dole a kai ta kafin la'asar. Maza suka taru a ƙofar gida suna jiran awo don a kai wa masu haƙa. Tsohuwar da ke wankan gawar mata a unguwarmu ta sa na zaro mata kara daga madafa. Ta shimfiɗa shi a gefen Gwaggo, daga tafin ƙafa zuwa ka, ta sa babban yatsa a inda ya tsaya. Sai a lokacin na ga ƙanƙantarta sosai, na ji wani irin tausayi ya rufe ni.

Tsohuwar za ta karya karan, Umma ta riƙe mata hannu. Ta karɓa, ta zame yatsanta sama, ta wuce tafin hannu guda, ta ƙara wani, ta tsaya tana kallon bango kamar mai tuna wani abu, ta ɗan ƙara kaɗan. A nan ta karya.

"Hajiya," in ji tsohuwar a hankali, "ai ya yi yawa. Ga ƙasa da tauri, ga lokaci ya ƙure. Za ki ƙara wa bayin Allah aiki."

"Su haƙa," in ji Umma. "Ni na san tsawonta."

Ni na kai karan zaure. Baba ya karɓa, ya kafa gindinsa a ƙasa, ya bi shi da ido har sama. Wani daga cikin maƙwabta ya buɗe baki, ya kalli fuskar Baba, ya fasa. Baba ya share ido da hannun riga ya ce, "Ƙwarai. Ita ce." Ya miƙa musu suka fita da sauri.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata alkakin da ta ci a ɓoye da wanda ta ci a sarari. Allah ya haskaka kabarinta, ya yalwata mata faɗinsa. Tsawon kam Umma ta riga ta ji da shi.